Takardar da Na Ɗaura wa Ɓeran Dutse

San Isidro, 3 ga Maris

Zuwa ga aminina Eleuterio,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Remedios da yara. Yaya gwiwar nan taka? Mu dai ga hazo, ga tari.

Mujallar da ka aiko ta iso. Ashe ɓerayen nan masu manyan idanu da fararen ƙafafu da na kama maka bara waccan, wani jinsi ne da ba a taɓa rubutawa ba! Shekara ashirin kana auna kawunan ɓeraye a jami'a, yau Allah ya yi. Amma ni tun da na karanta ko tuwon masara ba ya wuce mini.

Ka rubuta cewa a gindin dutse suke zama, cikin gonakin kofi, domin abin da na rubuta ke nan a 'yan takardun da na ɗaura musu a ƙafa. Ƙarya na yi maka, aminina. A ƙolin dutsen na kama su, cikin dajin da gansakuka ta lulluɓe itatuwa, inda taron gari ya hana kafa tarko. Tsoro na ji a kulle ni kwana uku da furfurata.

Yanzu masu yankan katako suna neman ƙolin. Injiniyansu ya ɗaga mujallarka a dandali, wai ɓeran yana ƙasa, a sama ba abin da za a ɓata. Lahadi za a ɗaga hannu a taron gari, a ga masu goyon bayan a ba su ƙolin.

Ka yafe mini. A gaida kowa.

Naka,
Nicanor

San Isidro, 12 ga Maris

Aminina Eleuterio,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu amsarka, layi biyu, ba ko gaisuwa. Na cancanta. Ka ce gyara a mujalla sai wata shida.

Lahadi na miƙe gaban jama'a na faɗi komai. Surukina Fortino ya ce, "To Nica, da can ka yi ƙarya ko yanzu? Zaɓi ɗaya mu tafi cin abinci!" Aka kwashe da dariya. Ni da tsohuwa Casilda kaɗai muka ƙi ɗaga hannu. Ko kulle ni ba su yi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ka san dokarmu: abin da taro ya yanke, kowane magidanci sai ya ba da kwanansa na aikin gayya. Hanyar motocin katako za a share zuwa ƙoli, kuma duk garin ba wanda ya san hawan kamar ni. Ran Litinin ni zan shige gaba da adda.

Ka gaida Remedios.

Naka har kullum,
Nicanor