Na Kulle Karen Madam

Ummussalma 'yata,

Assalamu alaikum. Ya mamarki? Ruwa ya bar mana shinkafar Auyo kuwa? Ni lafiya lau, aikin ne dai ke rawa.

Ubanki makiyayi yanzu kiwon Chihuahua yake a Milan, karnukan da gafiyar gonarmu ta fi su ƙiba. Madam mai karnukan ta ce in haɗa masu dabbare-dabbare biyu su yi barbara, wai 'ya'yansu sun fi kasuwa. Likitan dabbobi kuwa ya ce wannan haɗin yakan haifar da makafi da kurame. Bara na ga ɗaya yana ta karo da bango.

Na kulle namijin a ɗakina, ni da ko inuwar kare ba na so! Ta ce zuwa Juma'a in buɗe ko in tafi.

Ki ce wa mamarki ta shimfiɗa min tabarma. Ba zan buɗe ba.

Babanki,
Bunu