Dutsen da Na Ƙi Ragewa

Zuwa ga mahaifina, Malam Isufu maƙerin fari,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa daga Riyadh, tare da fatan kana cikin rahamar Allah.

Baba, yau da fushi na zo maka.

Shekara shida ina shara a wani shagon gyaran lu'ulu'u kusa da unguwar Batha. Ina shara ina satar kallon usta, wato babban gwanin shagon. Na ga yadda yake shafa garin lu'ulu'u da mai a kan faifan ƙarfe, don ba abin da ke cin wannan dutse sai ɗan'uwansa. Na ga yadda yake goga shi fuska-fuska, har fuska hamsin da bakwai.

Makon jiya kafil, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar nan da sunansa, ya ce a gwada ni da wani ƙaramin dutse. In aikin ya yi kyau, zai sa a canza iƙamata, wato takardar izinin zamana, daga mai shara zuwa mai sana'a.

Na zauna a gaban faifan, sai ga ka a idon zuciyata, a Damagaram, kana auna azurfar mata kafin ka narka, kana sake aunawa bayan ka ƙera. Kullum kana cewa, "Abin da aka ba ka amana, mayar da shi da nauyinsa." Ko ƙurar maƙera ba ka bari a zubar.

To, lu'ulu'u ba azurfa ba ne! Sai an goge kusan rabinsa kafin haske ya shiga ya dawo wa ido. Na san haka sarai. Amma duk sanda na ga dutsen yana raguwa, sai hannuna ya ɗaga da kansa. Na bar masa gindi mai kauri.

Usta ya duba da madubinsa mai ƙara girman abu, tsakiyar dutsen baƙa ƙirin. Ko faɗa bai yi ba, ya ajiye ya ci gaba da aikinsa. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Haushinka nake ji, Baba, kuma kewarka ta ishe ni. Kai kaɗai za ka gane cewa ba rashin iyawa ba ne.

Ga abin da ya fi damuna. Tun kafin gwajin na buga wa Inna waya na ce ɗanta ya gaji ubansa. Ta yi guɗa, ta zaga gidaje ta faɗa. Sau uku ke nan tana kira ban ɗauka ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ba ni bakin da zan gaya mata.

Ɗanka,
Habu