Fenti da Injin Feshin Kawu

Laraba, bayan isha'i

Gobe da hantsi 'yan jere za su iso daga Darki, ga shi ɗakin ko shiga ba ya yiwuwa.

Tun safe nake fama da rolar shafa fenti. Magini ya yi wa bangon yaɓe mai kaushi, wai shi ake yayi, sai fenti ya hau tudun ya bar ramukan. Shafe biyu na yi, bango ya fito dabbare-dabbare kamar jikin zabuwa. Da azahar Kawu Sale ya leƙo, ya ce, "Kai Auwalu, wahalar banza kake. Ɗauko injin feshina na gona, ka tsinka fentin da ruwa." Na ce, "Kawu, an wanke shi kuwa?" Ya ce, "Tas!"

Wallahi fenti ya shiga kowane rami. Sai da na sauke injin daga bayana na ji kaina yana sarawa. Warin maganin ciyawa ne, ya bi fentin ya kama bango. Na buɗe taga, na kunna fanka, Inna ta ƙona duk turaren wutarta. Warin nan ko gezau.

Kuma Hauwa, amaryar tawa, tana da asma. Ko hayaƙin murhu kwantar da ita yake yi.

Ɗazu ta kira, muryarta cike da murna. "Ɗakin namu ya yi kyau?" Na ce ya yi.

Ya Allah, ban yi mata ƙarya ba. Duk gidan nan babu ɗaki mai kyansa. Numfashi ne kawai ba za ta iya yi a cikinsa ba.