Shingen da Elisha Ya Tsare

Narayi, Kaduna
Maris, 2024

Ƙanwata Rhoda,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da yaronmu Elisha. Mu nan sai godiya, ban da zafi da rashin wuta. Mama ta ce in rubuta da hannu, in ɗauki hoto in turo miki, wai maganar waya ba ta zama.

Jiya a shagona na walda wani ya nuna mini Haiti a wayarsa. An fasa gidan yari, 'yan daba na yawo da bindigogi a babban birni, filin jirgi a rufe. Rhoda, wannan ce ƙasar wajen da muka yi miki rawa a coci? Lokacin da mijinki Dakta Wilner ya kwashe ku bayan girgizar ƙasa, wai zai je ya taimaki mutanensa, duk Narayi cewa ake yi kin koma maƙwabciyar Amurka. To, Wilner ya rasu, Allah ya ba shi hutawa. Me kike jira? Ki kawo mana Elisha. A nan aka binne cibiyarsa, kuma saurayi mai shekara goma sha takwas ba abin bari a irin wannan wuri ba ne.

Kafin jirgi ya samu, ki yi abin da muka yi a rikicin 2000. Kin tuna yadda Malam Ɗahiru maƙwabcinmu ya ɗebo mu daga Tudun Wada a motarsa, ya tsallako da mu gada? Ki nemi ɓangaren da mutanenku suke, ki tsallaka kawai.

Mama na gaishe ku.

Yayanki,
Yohanna

*

Port-au-Prince
Afrilu, 2024

Yaya Yohanna,

Ina gaishe ka da girmamawa. A gaishe mini da Mama da kyau. Sai yau na sami netwok.

Wasiƙarka ta ba ni dariya, sannan ta sa ni kuka. In tsallaka ina, Yaya? A Kaduna ko ba komai mutum ya san gefen kogin da zai kwana. Nan mai harbi da wanda ake harbi yarensu ɗaya, cocinsu ɗaya, wani lokaci ma kakarsu ɗaya. Bayanmu duwatsu, gabanmu teku, ƙasar da muke iyaka da ita kuma maido da mutane take yi a motoci.

Amma kada ka rena su. Kakanninsu daga wajenmu aka kwaso su a ɗaure, aka sa su noman rake. Suka tashi suka kori Faransawa da ƙarfinsu, a lokacin da mu ko Bature bai iso mana ba. Sai aka ce su biya iyayen gijinsu diyyar asarar bayi, suka yi ta biya har jikoki. Daga nan sojan Amurka, daga nan masu mulkin kama-karya, girgizar ƙasa, kwalara, har aka bi shugaban ƙasa cikin gidansa aka kashe. Wata tsohuwa da nake wanke wa ciwo a asibiti ta ce mini, "Nas, har yau ba a yafe mana nasarar nan ba."

Elisha yana gida, makaranta a rufe. Na hana shi ko leƙa ƙofa. Yana zagaya ɗaki kamar akuyar da aka ɗaure, ni kuma tsoro nake ji, Yaya, tsoro sosai. 'Yan daban nan samari irinsa suke kwasa. Buɗe filin jirgi kawai nake jira.

Ƙanwarka,
Rhoda

*

Narayi, Kaduna
Mayu, 2024

Ƙanwata,

Salama a gare ki. Na karanta wa Mama, na tsallake wuraren da za su tayar mata da hawan jini.

Yanzu ki saurare ni, don na riga ki ganin tashin hankali. Namiji ba a kulle shi kamar amarya. Kin san abin da ya tsare layinmu duk lokacin da gari ya rikice? Ba soja ba ne, mu ne. Mu jawo tsofaffin tayoyi da benci mu tare bakin layi, kowane gida ya ba da namiji ɗaya, mata su dafa shayi. Duk wanda ya zo ya ga samari tsaye, sai ya juya. Ɓarawo ma lissafi yake yi. Kuma gidan da ya ƙi ba da mutum, ranar da abu ya faru ba wanda zai dube shi.

In unguwarku na da irin wannan, ki bar Elisha ya fita. Ki karanta masa wannan: Elisha, ni kawunka ne, ina da shekarunka na tsaya a bakin layi da ƙarfen rodi. Jikan Baba ba ya ɓuya a bayan zane.

Na yi magana da Fasto, ya san wasu 'yan mishan da ke fitar da mutane. Allah zai yi.

Yayanki,
Yohanna

*

Port-au-Prince
Nuwamba, 2024

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da shiruna.

Ban karanta masa ba. Shi ya ɗauki wayata ya gani. Washegari ya fita, ya ce Kawu ya ce. Unguwarmu na da shingen da kake faɗa, har da tsohuwar mota da suka kifar a bakin layi. Watanni ya yi yana tsaro da adda, yana dawowa da fara'a, har ni ma na fara cewa wataƙila Yaya ya yi gaskiya. Aka buɗe filin jirgi, na roƙe shi mu tafi, ya ce ba zai gudu ya bar abokansa ba. Yanzu an sake rufewa.

Yaya, waɗanda kuka tsare wa layi a Narayi baƙi ne masu wucewa, in gari ya lafa kowa ya koma kasuwa. Waɗannan ba wucewa suke yi ba, unguwar suke so, kuma bindigoginsu ko 'yan sanda ba su da irinsu. Da rana tsaka suka zo. Wasu samarin an kashe su nan take, na wanke gawarwakinsu da hannuna, ina juya kowace fuska. Ba Elisha. Waɗanda suka gani sun ce an loda sauran a mota.

Gidanmu ya ƙone. A asibiti nake kwana. Ban ce laifinka ba ne, amma ba zan iya ce maka na daina jin haushinka ba.

Rhoda

*

Narayi, Kaduna
Disamba, 2024

Rhoda, ƙanwata,

Ina gaishe ki, in kina karɓar gaisuwata. Tun da na karanta ban buɗe shago ba. Na auna ƙasar mutane da layinmu, na tura yaron nan da bakina.

Ban gaya wa Mama ba. Ta sa an share ɗakin baya, kullum tana tambaya ko Elisha na cin tuwo.

'Yan mishan ɗin sun amsa. Za su ɗauke ki da jirgi mai saukar ungulu zuwa arewacin ƙasar, daga can ki fito. Wuri ɗaya ne, kuma ba za su riƙe shi ba. Don Allah ki shiga. Zumuntar matan cocinmu na azumi dominku. Ki zo ki zage ni ido da ido, na yarda.

Yayanki,
Yohanna

*

Port-au-Prince
Janairu, 2025

Yaya Yohanna,

Na karɓi gaisuwarka. Ka yi wa Fasto godiya.

Na shirya, na hau babur zuwa inda jirgin zai tashi. A hanya akwai shingen 'yan daba. Suka tsayar da mu, wani dogo mai ƙyalle a fuska ya matso da bindiga, ya buɗe jakata yana dubawa. Bai ɗago kai ba, ya ce da Hausa, a hankali, "Mama, ki wuce. Kar ki kalle ni, za su gane."

Na wuce, ban kalle shi ba. Da muka sha kwana na ce wa mai babur ya mai da ni asibiti.

A ba wani mutum wurina a jirgin. Duk wanda aka harba a shingen nan, wajenmu ake kawo shi, kuma ina so in kasance a bakin ƙofa.

Ka ce wa Mama Elisha yana da rai.

Ƙanwarka,
Rhoda