Ni na ƙona gitar maigidana, shi kuma yana shan yabo

Anti, don Allah ki cece ni, wata biyu ke nan ina haɗiye wata magana ta ƙi wucewa.

Maigidana kafinta ne. Bara ya tashi wai sai ya ƙera gitar lantarki da hannunsa, mutumin da ko tafi bai iya yi daidai da kiɗa ba. Wata takwas yana yanka katako, yana goga, yana jona wayoyi, falona ya koma shago. Har a shayi ina tsintar garin katako. Na haƙura, don tun aurenmu ban taɓa ganin sa da fara'a haka ba.

Ranar da ya shafa fentin ƙarshe ya shanya ta a kan teburin da nake guga, ya fita. Ina cikin guga yayata ta kira, hira ta yi daɗi, na ajiye dutsen guga a kan gitar. Ƙauri ne ya farkar da ni. Cikin ruɗewa na juye jan farcena a wurin don in rufe ƙunar, na murza da yatsa. Ya haɗu da ɗanyen fentin ya fito kamar harshen wuta.

Da ya dawo ya daɗe yana kallo, sai ya ce katakon ne ya nuna asalinsa. Abokansa suka yi ta yabo, ya ce musu sirrin sana'a ne. Yanzu amininsa mai aski ya ce a yi masa irinta sak. Katako uku ya lalata yana neman zanen, ya rame, yana cewa hannunsa ya mutu. Tausayinsa nake ji, dariya kuma tana cin raina. In faɗa masa?

Matar kafinta

Ƙanwata,

Na yi dariya, amma ki faɗa masa cikin makon nan. Kuskurenki na minti ɗaya ne, kowa yana iya yi. Shirun wata biyun shi ne laifin, don mutumin nan ya fara shakkar sana'ar da yake ci da ku da ita. Shi ma da nasa: mai shanya gita a teburin guga ya nemi magana, kuma ya karɓi yabon abin da bai san yadda aka yi ba.

Ki bari ya ci ya ƙoshi, ku biyu kaɗai, babu guduma a kusa. Ki fara da ban haƙuri, ki tuna masa cewa sautin da ake yabo aikin hannunsa ne, ke ado kawai kika ƙara. Kada maganar ta kai kunnen abokansa, ko yayarki. In ya huce, ki ce za ki yi wa mai aski nasa zanen, a gwada a guntun katako tukuna.

Zai yi fushin kwana biyu, a na uku da kansa zai tambaye ki wane launin jan farce ya rage miki. Allah Ya bar ku tare, Ya sa wa hannuwanku albarka.