Ni na ɗauke turmin matata, ga shi ana shirin karanta Yasin

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a yanke mini hukunci a bari in kai ƙarshe, ko da yake ban tabbata ina da abin kare kaina ba.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Bodinga, ban daɗe da gama jami'a ba. Matata 'yar Kajiji ce. Cikin kayan da ta tare da su akwai tsohon turmin mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, kuma duk ƙauyensu an san ta da iya lugude. In ta fara daka tana cilla taɓarya sama tana tafi tana waƙa, har ajin da nake koyarwa ana jiyowa, don gidajen malamai a jikin makaranta suke. Wata rana a ofis wani abokin aiki ya ce, "Malam, ashe da makaɗa ka taho mana daga ƙauye?" Aka fashe da dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Na yi mata magana a hankali, na ce ga injin niƙa a bakin kasuwa, me zai sa ta wahalar da kanta? Ta ce, "Malam, tuwon inji ba shi da daɗi, kai ma ka sani." Da ta tafi gida suna, sai na ɗauki turmin na ba wani direban motar albasa mai zuwa Kudu, kyauta. Ko sunansa ban tambaya ba. Da ta dawo na ce wataƙila sace shi aka yi. Na gaya wa kaina hutu na samar mata.

Yanzu ga tsuke bakin aljihun nan. Injin ya lalace, an ce babu kayan gyara, sai ta bi gidaje aron turmi. Tana dakan, amma shiru, ba tafi ba waƙa.

A wannan zangon ne nake koyar da wani tsohon gajeren labari na Amurka, na wani manomi da ya toshe tagar ɗakin matarsa da katako wai don kada sanyi ya kama ta, tun daga nan ta daina magana. Na tsaya gaban allo ina bayani da ƙwarewa, cewa tagar alama ce, ita ce muryar matar da hanyarta ta ganin duniya, kuma akan danne mace da sunan tausayi. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi mijin nan, ya san abin da ya yi, ko ko bai sani ba?" Na ce marubucin bai fayyace ba. Wane irin mutum ne zai gane taga a Amurka ya kasa gane turmi a tsakar gidansa?

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, matata ta ɗora zargi kan matar maƙwabcinmu, wadda takan ari turmin a da. Sun daina gaisawa, maganar ta fara yawo, matar maƙwabcin, baiwar Allah, ko rijiya ba ta son zuwa. Jiya matata ta ce, "Na aika ma Baba Malam, Juma'a wagga za shi karanta Yasin. Wanda duk ya ɗauki turmin Inna, Allah shi tona mai asiri." Baba Malam kawunta ne, kuma ba a wasa da karatunsa. Na ce a yi haƙuri mana, zan sayo sabo. Ta dube ni ta ce, "Sabo? Hannun Inna na bisa sabo?"

In na yi shiru, na bar wadda ba ta ji ba ba ta gani ba da sunan ɓarauniya, ga Yasin a kaina. In na faɗa, da wane ido za ta dube ni, ni da na zauna ina taya ta jaje? Ban ce za ta tafi ba, amma ban isa in ce za ta zauna ba. Turmin kuma ban san garin da yake ba.

Jama'a, Juma'a ta matso. Me zan yi?