Takardar Wuraren da Ba a Biya

Litinin, 3 ga Maris

Kaka za ta zo ranar sha biyar, kwana bakwai za ta yi. Mama ce ta faɗa mini tana kwance igiyar takalmin aiki. Wai Kaka ta ce muryata ta canza a waya, in ta zo ta tarar da ni a takure, da ni za ta koma. Mama ta yi dariya, amma hannunta ya tsaya a kan igiyar.

Ta ce, "Ba za a ba ni hutu a ɗakin wankin otal ba, ke za ki riƙa fita da ita. Ki nemo wuraren da ba a biya. Ki nuna mata muna lafiya."

A garin nan ko kujerar shago ba ka zama sai ka sayi wani abu.

Laraba, 5 ga Maris

Wata bakwai ke nan a makarantar, har yau ni kaɗai nake cin abincina a bayan ɗakin karatu. Ba wanda ya yi mini komai. Ni ce in na buɗe baki sai maganar ta maƙale. In Kaka ta ce in haɗa kayana, ban san abin da zan ce ba. Ƙarya nake, na sani. To amma wa zai buɗe wa Mama ƙofa in ta dawo?

Asabar, 8 ga Maris

Na yi yawo da ƙafa har ƙafata ta yi bororo. Gadar masu tafiya a ƙasa, ana hango jiragen ruwa. Hawa na tara na ɗakin karatun gari, ana ganin rufin gidaje. Gidan tarihi, kyauta ranar Laraba. Sai gidan gilashi na tsirrai a cikin lambu, ciki da ɗumi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

A ƙofarsa akwai wata mata mai riƙe da ɗan abin ƙirga mutane. Iyali suka shiga gabana, ta danna sau biyar. Ta dube ni ta ce, "Ina naki mutanen?" Na ce ni kaɗai ce. Ta danna, ta ce, "Ɗaya." Kamar da lasifika ta faɗa.

Talata, 11 ga Maris

Na sake kwafe takardar wuraren da biro mai kyau. Wuri tara.

Asabar, 15 ga Maris

A tasha Kaka ta miƙa hannu ga wata yarinya da ke tsaye kusa da ni. Sai da na ce "Kaka" ta juyo, ta lalubo fuskata da tafin hannunta. Yanar ido ce ta rufe mata gani, haske kawai take gani da inuwa. Ashe har da asibiti ya kawo ta. Mama ta sani tun tuni, wai ba ta so ta tayar mini da hankali.

Na duba takardata a bayi. Hango, kalla, gani. Duka taran.

Lahadi, 16 ga Maris

Kaka ta zagaye ɗakinmu da hannu, taku shida ta gama. Ta ce, "Ƙawata, nan kuke girki, nan kuke kwana? Ai tukunyarku ta san duk sirrinku." Ta tambayi ƙawayena, na ce suna da yawa. Ta ce, "Madalla. Su dai ba su da waya ne, ko?"

Litinin, 17 ga Maris

Na kai ta gada bayan makaranta. Iska na ta kaɗa mayafinta. Ta ce me ake gani, na ce jirage. Ta jira. Ta ce shi ke nan? Na ce e. Mutane na wucewa, na kasa ƙara ko kalma. Ta ce gwiwarta na ciwo, muka dawo.

Laraba, 19 ga Maris

Na fasa gidan tarihi, komai nasu a bayan gilashi yake. Na kai ta gidan tsirrai don ko ba komai akwai ɗumi.

Matar ƙofa ta danna sau biyu ta ce, "Yau an samu ƙari." Kaka ta ce, "Jikata ce, 'yar nan. Tana magana, sai dai batirinta ya yi sanyi." Na so ƙasa ta tsage.

Muna shiga Kaka ta tsaya ta shaƙi iska, ta ce akwai lemun tsami a nan. Akwai kuwa, ni ban taɓa lura ba. Daga nan ta riƙe gwiwar hannuna ta ce in faɗa mata komai, kuma in ɗaga murya, kunnen ma ya fara bin sawun idon. Na ce ga wani ganye a kan ruwa, faɗinsa ya kai farantin da take shanya barkono. Ta ce ƙarya. Na rantse. Na ce ga wani mai ƙaya da farin gashi, sak tsohon da ke gyaran rediyo a layinsu, har da ranƙwafawar. Ta yi dariya har da tari. Ban san lokacin da na manta da mutane ba. Da na waiwaya, wata mata da 'ya'yanta biyu suna biye da mu suna saurare.

Da za mu fita matar ƙofa ta ce, "Ashe kina da baki." Ta ce duk Asabar da yamma ana kawo tsofaffi, wasunsu ba sa gani, ita kuma ƙofa ta riƙe ta. Ko zan zo in riƙa yi musu bayani? Kaka ta mintsine ni.

Alhamis, 20 ga Maris

Asibiti. Za a cire yanar bayan wata uku, sai ta sake dawowa.

Juma'a, 21 ga Maris

Ina ninke mata kaya, Mama na wurin aiki. Ta ce, "Ƙawata, na san ba ki da kowa a makarantar nan, kada ki wahalar da kanki. In sa kayanki cikin nawa?"

Wata bakwai ina jiran wannan tambayar. Na ninke zane ɗaya sau uku. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gobe da yamma ana jirana."

Ta ce, "To ni ba zan ɗauke yarinyar mutane ana jiranta ba. Miƙo mini ɗankwalina."

Asabar, 22 ga Maris

Ta tafi da safe. Mama ta riƙe hannuna tun daga tasha har ƙofar otal, ba ta tambaye ni komai ba.

Da yamma na je. Matar ƙofa ta ɗaga abin ƙirgarta, sai ta sauke ba ta danna ba. Ta ce, "Na gida ba a ƙirga su. Wuce, suna wajen lemun tsami."

Su bakwai ne. Na fara musu da ganyen kan ruwa. Wani tsoho ya ce in maimaita na mai gyaran rediyo.

Ba wai na saba da garin ba ne, kawai dai na riga na ce wa Kaka ana jirana. Takardar ma ban yar ba. In an buɗe wa Kaka ido, gada zan fara kai ta, ta ga jiragenmu.